Wata Bakwai Ana Canza Kaya: Nazarin Matsalar At A Wata Peugeot 504 A Kaduna

Motar da mai ita

Motar Peugeot 504 ce salun, ƙirar 1984, cikin waɗanda aka haɗa a masana'antar haɗa motocin Peugeot, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna. Masana'antar ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har 2006, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Shi ya sa har gobe Kaduna ba ta rasa wanda ya san cikin wannan mota ba, kuma kayan gyaranta, sababbi da na hannu, ba su yanke a kasuwannin Oriakpata da Panteka ba.

Mai ita dattijo ne, tsohon ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, mazaunin Tudun Wada. Ba ya doguwar tafiya da ita. Masallacin Juma'a, kasuwa, asibiti, gaisuwar 'yan'uwa a Kawo da Unguwar Sarki, sai Zariya jefi-jefi. Injin mai silinda huɗu ne, lita 2, na fetur, da kafireto da cok na hannu mai waya. An taɓa canza mata altaneto, wato injin da ke cajin batir, da na baya-bayan nan, mai ragulato, abin daidaita cajin, a cikinsa.

Wutar motar volt 12 ce, kuma waya ɗaya ce ke kai wa kowane kaya wuta. Hanyar dawowa ƙarfen motar ne da kansa. Wuta ta fita daga kan batir na fositif, ta bi waya zuwa kik (abin da ke juya inji ya tashi) ko fitila ko hon, ta yi aikinta, sannan ta shiga ƙarfe ta koma kan negatif. Wannan hanyar dawowa ita ce at. Sai dai inji ba ya taɓa bodi kai tsaye. A kan mautin na roba yake zaune don kada girgizarsa ta dami na ciki, roba kuwa ba ta wuce da wuta. Dole ke nan a sami waya mai kauri da za ta haɗa inji da bodi. A wannan motar hanyar gaɓa biyu ce: gajeriyar waya daga negatif zuwa bangon bodi kusa da batir, sai wata faffaɗar waya saƙaƙƙiya daga wani notin giyabos zuwa bodi ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai an shiga rami. Duk wutar da kik ya ja, wadda a inji irin wannan takan kai amfiya 120 zuwa 200, ta waɗannan wayoyi biyu take komawa batir.

Nuwamba: an sauke inji, an yi fenti

Injin ya daɗe yana shan baƙin mai yana hayaƙi, aka sauke shi don ofahol. Da mai motar ya ga gidan inji fayau, sai ya ce dama ce ta samu, a yi masa fenti. Mai fenti ya kankare, ya shafa firama, ya fesa fenti hawa biyu har cikin lunguna. Aikin ya yi kyau ƙwarai. A lokacin ne kuma aka ga robar babbar wayar fositif da ke zuwa kik ta tsattsage, aka aiki yaro kasuwa ya sayo sabuwa, ja, mai ƙyalli, aka ɗaura.

Ranar da aka mayar da inji aka tayar, kik ya juya da nauyi. Bakaniken ya ce, "Alhaji, injin sabo ne, bai saki jiki ba tukuna. In ya ɗan yi tafiya zai yi laushi." Magana ce da kowa ya yarda da ita, domin inji mai sababbin ring da metal yakan yi tauri a makonnin farko. Ba a yi wani awo ba.

Disamba zuwa Janairu: batir

Hunturu ya shigo. Da sanyin asuba man inji yakan yi kauri, batir kuma ƙarfinsa yakan ragu, sai abin ya fito fili. A murɗa makulli, kik ya yi gurnani sau biyu ko uku, fitilun dashbod su dusashe, sai shiru. Yaran layi suka saba da turin motar Baba. In ta tashi kuma lafiya lau take tafiya.

Batirin ya haura shekara uku, saboda haka shi aka fara zargi. Aka kai shi wajen mai caji, ya kwana. Motar ta yi kwana biyu tana tashi bugu ɗaya, a na uku ta koma gidan jiya. A tsakiyar Disamba aka ba da tsohon batirin aka cika kuɗi aka karɓo sabo, mai amfiya-awa 75, wanda ya fi tsohon girma. Mai sayarwa ya goge kawunan wayoyin da sanfefa kafin ya ɗaure. Wajen mako uku babu turi. Kafin Janairu ya ƙare nauyin ya dawo, aka mayar da batirin shago da ƙorafi. Mai shago ya gwada shi a gaban mai motar, ya nuna lafiyarsa ƙalau.

Fabrairu: kik

Yanzu wata sabuwar alama ta ƙaru. Wani lokaci a murɗa makulli a ji ƙas kawai, kik bai juya ba, sai an maimaita. Aka kai wa wani riwaya, mai gyaran wutar mota, a unguwa. Ya ɗauko kwan gwaji, ya laƙa waya ɗaya a fositif, ya taɓa ɗayar a jikin inji, kwan ya kama tar. Ya ce at yana nan. Ya kwance kik, ya canza burushi da bushin, ya wanke cikinsa da fetur. A kan benci ya ɗaura masa batir da wayoyin jampa, ɗaya a kan notin wuta, ɗaya a jikin kik ɗin, kik ya zabura har yana neman faɗowa ƙasa. Aka mayar cikin mota. Ya ɗan fi da, amma bai yi irin zaburar benci ba.

Mako biyu bayan haka aka yanke shawarar cewa kwayil ɗin cikinsa ne ya gaji. Aka sayo kik na hannu daga Oriakpata, aka ƙara masa rile don wutar makulli ta riƙa isa solonoyid, makunnin da ke jikin kik, da ƙarfi. Ƙas ɗin ta ragu sosai. Nauyin juyawa bai tafi ba. Mai motar ya jefa tsohon kik ɗin a but, bai sayar ba.

A watan nan ne ya fara jin cok yana tauri in ya ja, totur ma ba ya dawowa da santsi kamar da. Aka ɗiga musu mai aka wuce.

Maris da Afrilu: zafi

Sanyi ya wuce, aka sa ran matsala ta wuce tare da shi. Sai ta juya fuska. Da safe motar takan tashi ko da da ƙyar, amma in ta sha cunkoson titin Ahmadu Bello aka kashe ta a gidan mai, ba za ta sake juyawa ba sai ta huce kusan rabin awa. Da daddare kuma, da zarar an kunna manyan fitilu, allurar zafi sai ta ɗaga sama. A kashe fitilu ta sauko. Aka wanke lagireto, aka canza murfinsa, aka ɗaure fambel. Ruwa bai taɓa tafasa ba, allura kuwa ba ta daina ɗagawa ba.

A cikin Afrilu wani yaron gareji, wanda bai gama koyon aiki ba, ya ce wa ogansa ko a gwada ƙara at. Ya ɗauko 'yar siririyar waya irin ta fitila, mai kaurin milimita murabba'i 2.5, ya haɗa daga negatif zuwa ƙafar altaneto. Nan take allurar zafi ta daina wasa, fitilu suka ƙara haske. Kwana shida aka yi haka. A na bakwai motar ta yi gardamar tashi aka daɗe ana murɗawa, robar siririyar wayar ta narke daga farko har ƙarshe. Ogan ya ce wayar yaron ce ta yi shot, ya tsinke ta ya jefar, yaron ya sha faɗa.

Mayu: hayaƙi a ƙarƙashin sitiyari

Ruwan farko ya sauka. Wata yamma a Kawo motar ta ratsa ruwan da ya kwanta a titi, ya fantsama wa distributo, inji ya mutu. Mai motar ya ja cok ya riƙa murɗa makulli babu hutu. Ɗansa da ke gefe ne ya fara jin ƙaurin roba, sannan suka ga siririn hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin dashbod. Da dattijon ya kai hannu zai mayar da cok, sai ya ji ƙarfen ya ƙona masa yatsa. Ɗan ya fita cikin ruwa ya buɗe bonet, ya kwance kan batir na negatif da sifana.

Wayar cok ta ƙone rigarta tun daga dashbod har kafireto, wato har bakin inda fetur yake. Wayar cok ba wayar lantarki ba ce, igiyar ƙarfe ce kawai da ke jan marfin iska. Aka ja motar zuwa gida, ta yi mako uku a rufe da tamfol. Iyalin suka fara maganar a sayar wa 'yan gwangwan.

Yuni: ranar awo

Wani abokin aikinsa na zamanin masaƙa ne ya haɗa shi da wani riwaya a Kakuri, magidanci, wanda ya koyi sana'ar a hannun tsofaffin da suka yi aikin haɗa waɗannan motoci. Bai taɓa sifana ba sai da ya zauna ya saurari labarin tun daga Nuwamba. Tambayoyi biyu ya maimaita: "Baba, kafin a sauke injin tana wannan nauyin?" da kuma "Ita siririyar wayar, tsakiyarta ce ta ƙone ko duka tsawonta?" Da ya ji amsa sai ya sa aka caja batir ya cika, ya ɗauko mita.

Ya cire wayar da ke ba kwayil ɗin fulogi wuta don inji ya juya ba tare da ya kama ba. Ya sa yaronsa a sitiyari, kowane awo murɗawar daƙiƙa biyar, sannan a huta.

Batir yana zaune ba a taɓa komai ba, mita ta nuna volt 12.6, cikakke ke nan. Ana murɗawa, a kan dalmar batirin kanta, ta nuna 10.9. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kada ya faɗi ƙasa da 9.6, don haka batir ya fita daga zargi. Sai ya kai tsinken mita ɗaya kan notin wuta na kik, ɗayan a jikin kik ɗin. Aka murɗa. Volt 8.1. Tsakanin batir da kik, tazarar da ba ta kai tsawon mutum ba, volt 2.8 sun ɓace.

Daga nan aikin ya zama na bin sawu. Dabarar ita ce a ɗora tsinkayen mita a farko da ƙarshen kowace gaɓa yayin da wuta ke gudu, abin da mita ta nuna shi ne abin da wannan gaɓar ta cinye. Daga dalmar fositif zuwa notin kik, 0.7. Abin da ake jurewa a nan bai wuce 0.5 ba. Daga jikin kik zuwa dalmar negatif, 2.1, alhali lafiyayyar hanya ba ta wuce 0.2 zuwa 0.3. Ya rarraba wannan 2.1 ɗin gaɓa-gaɓa. Tsakanin dalmar negatif da maƙallin da ke rungume da ita, 0.3. Daga maƙallin zuwa ƙarfen bodi, 0.6. Daga bodi zuwa jikin inji, 1.2.

Lissafin yana da sauƙi. In aka ɗauka kik yana jan amfiya 150, volt 2.1 na nufin turjiyar da ba ta wuce om 0.014 ba. Adadi ne da mitar hannu ba ta iya karanta shi daidai in an sa ta a ma'aunin om, domin turjiyar wayoyin mitar kansu ta fi haka. Kwan gwaji mai wat 5 kuwa bai kai rabin amfiya yake ja ba. Ko silin waya ɗaya ne ya rage, kwan zai kama tar. Amma a sa amfiya 150 su bi ta wannan turjiya, sai ta zama zafi na wat 315, kusan abin da ƙwayayen manyan fitilu shida ke ci, duk a tattare a kan noti biyu da wata tsohuwar waya.

Don mai motar ya gani da idonsa, riwayan ya ɗauko wayar jampa guda ɗaya mai kauri, ya laƙa baki ɗaya a negatif, ɗayan a wani noti mai tsabta a jikin inji. Ya mayar da wayar kwayil ya ce, "Baba, bisimilla, ku murɗa." Kik ya juya da saurin da mai motar bai ji ba tun kafin ofahol, inji ya kama bugu ɗaya. Dattijon ya kashe ya sake, ya kashe ya sake. Aka cire jampar, nauyi ya dawo.

Inji yana aiki, fitilu a kunne, aka auna caji. A bakin altaneto volt 14.2, a kan batir 13.4. Altaneton lafiyarsa ƙalau, amma ragulaton da ke cikinsa da jikin inji yake auna kansa, bai san cewa abin da ke isa batir ya gaza ba.

Sannan aka hau rami. Saƙaƙƙiyar wayar tana nan a wurinta, abin da ya sa duk wanda ya leƙa a baya ya ce at yana nan. Kusan rabin silinta sun tsinke a inda take lanƙwasa, sauran sun yi kore sun jiƙe da baƙin mai. Da aka kwance bakinta na bodi, sai ga fenti sumul a ƙarƙashinsa, ko ƙarzane babu. Zaren noti kaɗai ke taɓa ƙarfe, shi ma ya yi tsatsa. Haka aka tarar a notin gajeriyar wayar da ke kusa da batir. Ita kuma jar wayar da aka sayo a Nuwamba, da aka yanka ta, robar ce mai kauri, ƙarfen ciki bai wuce milimita murabba'i 16 ba, kuma da aka kankare sili ɗaya da wuƙa sai ga fari a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a samansa. Wayar sifidomita ma an same ta da tabon ƙuna a bakin giyabos.

Riwayan ya kwatanta wa mai motar da abin da kowane ɗan Kaduna ya sani. In babbar gadar kogi ta cushe, masu komawa Kakuri da Barnawa ba sa fasa komawa gida, kowace ƙaramar hanya suka samu sai su danna. Haka wutar ta yi, ta bi wayar cok, ta bi ta totur, ta bi ta sifidomita, domin duk ƙarfe ne da ya haɗa inji da bodi.

Gyaran

An yi shi cikin yini biyu, kuma yinin farko a neman waya ya tafi. Wadda aka fara kawowa daga kasuwa ita ma da aka kankare fara ce, aka mayar. Riwayan yana da gwaji na biyu: a kara sili ɗaya a wutar laita. Jan ƙarfe na gaske yakan yi ja ya tsaya, na jabu yakan lanƙwashe ya zube. Nauyi ma yana tona asiri, domin alminiyam bai kai sulusin nauyin jan ƙarfe ba. A ƙarshe a Panteka aka samo waya ta gaske mai kaurin milimita murabba'i 35, mai laushin sili. Irin wannan, mita ɗaya ba ta cin fiye da volt 0.08 a amfiya 150. Alminiyam mai kaurin 16 yana cin fiye da ninki uku na haka.

Ya sauya tsarin hanyar dawowa. Maimakon wutar kik ta bi ta bodi kafin ta isa batir, sai ya ja sabuwar waya mai kaurin 35 daga negatif kai tsaye zuwa wani babban noti a jikin inji, kusa da kik. Daga negatif ɗin dai ya ja ta biyu, mai kaurin 16, zuwa bodi, don fitilu da hon da kayan dashbod. Ya kuma sa sabuwar saƙaƙƙiyar waya a tsohon wurinta, ya bar mata sassauci don inji yana motsi a kan mautin, waya mai ɗaurin tsiya kuwa tsinkewa take yi sili-sili. Yanzu inji da bodi da batir kowanne yana haɗe da sauran biyun, ko ɗaya ta lalace akwai madadin da zai iya ɗaukar kaya.

Kowane wurin ɗauri sai da ya kankare shi har ƙarfe ya yi fari, faɗin da ya ɗan fi bakin wayar. Ya sa washa mai haƙora, ya ɗaure tam, bayan ya ɗaure ne ya shafe wurin da giris don ruwa da iska kada su shiga. Bakunan wayoyin na jan ƙarfe ne, matse su ya yi da abin matsewa har sili da baki suka zama abu guda, sannan ya rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Ya ƙi amfani da maƙallan nan masu noti biyu da ake danne waya tsirara a ƙarƙashinsu, domin ta nan tururin ruwan batir ke shiga cikin sili. Farin garin da ya taru a kan batir da jiƙaƙƙiyar kanwa ya wanke shi, tana kashe kaifin asid, ya kula kada ta shiga cikin ramukan batirin.

Wayar fositif ita ma ta koma mai kaurin 35, aka bi da ita nesa da salansa, aka sa mata riga a duk inda ta gogi ƙarfe. Babbar wayar nan ba ta da fiyus, in ta ci ta taɓa bodi gobara ce kai tsaye. Aka sabunta wayar caji daga altaneto, aka canza wayoyin cok da totur da sifidomita. A duk tsawon aikin negatif a cire yake. Shi ake fara cirewa, shi ake ƙarasa ɗaurawa, domin muddin yana ɗaure, sifanar da ta taɓa fositif da bodi lokaci guda za ta yi walda a hannun mai riƙe da ita, batir kuma yana fitar da iskar da ke kamawa da tartsatsi ɗaya.

Awon bayan gyara: ana murɗawa, batir 10.4, kik 10.0. Ɓangaren negatif yana cin 0.15, na fositif 0.25. Caji a kan batir, fitilu a kunne, 14.1. Mai motar ya tuna da tsohon kik ɗin da ke but, ya roƙi a gwada shi. Aka ɗaura, ya juya injin garau. Shi aka bari a jiki.

Yuli zuwa Janairu

Damina ta wuce ba a tura motar ba. Allurar zafi ba ta sake bin fitilu ba. A Oktoba aka maimaita awon ɓangaren negatif, 0.15 kamar yadda aka bar shi. Hunturu ya dawo, ta ci gaba da tashi da asuba da jan cok kaɗan.

Hukunci

Lahani uku ne suka haɗu, kuma biyu daga ciki a mako guda aka shigo da su: fenti a ƙarƙashin bakunan at, da wayar fositif ta jabu. Na ukun, tsohuwar saƙaƙƙiyar waya, ta daɗe tana mutuwa, sauke inji da mayar da shi ya ƙarasa ta. Abin ya riƙa ƙaruwa ne saboda zaren notin da wuta ta dogara da shi yana tsatsa, kuma duk murɗawa tana ƙara gasa shi.

Kowane gyara da ya yi aiki na ɗan lokaci yana da dalili. Cajin batir da sabon batir sun ƙara ƙarfin da ake turowa, ya ishi a biya asarar hanya a sami ragowa. Goge maƙallan da mai shago ya yi ya rage kashi ɗaya na asarar. Amma caji ba ya isa cikakke, tafiye-tafiyen gajeru ne, murɗawa kuma doguwa, sai sabon batirin ya riƙa ramewa har ya sauko inda tsohon ya tsaya. Kik ya zabura a benci ne domin a can an laƙa masa at a jikinsa kai tsaye, wato an ba shi ainihin abin da ya rasa a cikin mota. Rile ya taimaki solonoyid, wanda wutarsa kaɗan ce, bai taɓa hanyar babbar wuta ba. Gardamar lokacin zafi kuma daga jan ƙarfe take, turjiyarsa tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a duk digiri 10, sai kik mai zafi ya buƙaci abin da hanyar ba ta iya kawowa. Allurar zafi ta jikin inji take samun nata at, da wutar fitilu ta sa inji da bodi suka bambanta, sai ta karanta bambancin a matsayin zafi.

A ganina canza batir ba asara ba ce gaba ɗaya, batirin da ya shekara uku a zafin garin nan ya kusa gajiya ko yaya. Kik na biyu da wankin lagireto kuwa kuɗi ne da aka zubar. Maganar bakaniken Nuwamba daidai ce a ranar da ya yi ta, kuskuren shi ne ba a sa mata wa'adi ba, injin da ya yi wata biyu yana tafiya ya daina zama sabo. Mai fenti aikinsa ya yi. Kankare wurin at hakkin wanda ya mayar da wayoyi ne. Abin da ya fi damuna shi ne lamarin Afrilu. Yaron nan ya kama bakin zaren, wayarsa ta gyara allura da fitilu, kuma ƙonewarta daga farko har ƙarshe shaida ce cewa wutar kik ce ta bi ta cikinta don ta rasa hanya. Da an tsaya an tambayi dalilin da waya mai zuwa negatif za ta ƙone, da ba a kai ga hayaƙin Kawo ba, inda tazarar da ke tsakanin ƙonanniyar waya da fetur ba ta kai tafin hannu ba.

Awon nan yana aiki a kowace tsohuwar mota, amma a duba tsarinta kafin a ɗaura waya. Yawancin motocin Ingila na kafin tsakiyar shekarun 1960, irin su Morris da Austin, fositif ne ke zuwa bodi. Volkswagen Beetle batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, at ɗin injinta a gaban giyabos, in ya lalace wayar kuloci ce ke shan wuta. Tsofaffin cikinsu masu volt 6 kuma suna jan kusan ninki biyu na amfiya, ga shi rabin volt a wurinsu babbar asara ce, don haka wayarsu ta fi ta wannan motar kauri.

A ita 504 ɗin akwai sauran aiki. Awon Yuni ya nuna manyan fitilu suna rasa fiye da volt 1 a tsohon makunninsu da siraran wayoyinsa, fitilun baya kuma at ɗinsu a kan tsatsa yake, shi ya sa sigina ke dusashewa in an taka birki. An shirya sa wa fitilun gaba rile da fiyus nasu, a kuma ja wa na baya sabuwar wayar at zuwa wuri mai tsabta a cikin but, kafin damina mai zuwa.